Sirdin Bishiya: Tarihin Zaman Maharba Tsakanin Sama Da Ƙasa

Idan aka ambaci sirdi, abin da zai fara faɗo wa Bahaushe a rai shi ne doki da linzami da likkafa. To amma sirdin da nake son mu duba tarihinsa a yau babu ruwansa da doki. Mutum ne ke ɗaura shi a ƙugunsa kamar bante, ya hau bishiya, ya ɗaure igiya a jikinta, sannan ya saki nauyinsa a kan igiyar, ya yini a can sama yana jiran barewa ta gifta. Maharban ƙasar Amurka ne suka ƙirƙiro shi, kuma a 'yan shekarun nan ya zama abin yayi a tsakaninsu, har ana ta ja-in-ja a kan abu biyu: shin yana da daɗin zama, kuma shin ya fi sauran kayan hawa kiyaye rai?

Na san mai karatu zai ce, to me zai kai mutum mai hankali ya rataye kansa a bishiya saboda nama? Tambayar tana kan hanya. Sai dai amsarta doguwa ce, domin sai mun koma baya fiye da shekara ɗari kafin mu gane bakin zaren. Abin da tarihin zai nuna mana shi ne, a wannan harka jin daɗi da tsaro igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Duk kayan tsaron da ya takura wa maharbi, a cikin mota yake barinsa, kayan da aka bari a mota kuwa bai taɓa ceton kowa ba.

BAREWAR DA TA KUSA ƘAREWA

Babbar dabbar da aka fi farauta a Amurka ita ce wata irin barewa mai farar wutsiya, wadda idan ta tsorata takan ɗaga wutsiyar sama, farin ya bayyana kamar tuta, sannan ta arce. Ta fi barewar da muka sani girma nesa ba kusa ba, domin namijinta yakan kai kilo 70 zuwa 100, wani ma ya wuce haka. A ƙarni na 19 masu farautar kasuwa suka far mata babu ji babu gani, suna sayar da nama da fata, ga kuma manoma na ta sare dazuzzuka. Zuwa wajen 1900 an ƙiyasta cewa abin da ya rage bai wuce 500,000 ba a duk faɗin ƙasar, wasu jihohin ma an wayi gari babu ita kwata-kwata.

Daga nan ne hukuma ta farga. A 1900 aka yi dokar Lacey, wadda ta hana ɗaukar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jiha zuwa wata. A 1937 kuma aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai don raya namun daji. Jihohi suka ƙayyade lokacin farauta da adadin da kowa zai kashe, aka riƙa kamo barewa daga inda ta rage ana sakinta a inda ta ƙare. Yau ana ƙiyasta yawanta da kimanin miliyan 30.

Ana cikin wannan ne kwari da baka suka dawo hannun Amurkawa ta wata hanya mai ban mamaki. A 1911 wani mutum ya fito daga daji kusa da garin Oroville a jihar Kalifoniya, shi kaɗai ya rage daga ƙabilar Yahi, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na ƙasar. Aka sa masa suna Ishi. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya koyi sassaƙa baka da harbi daga wurinsa, kuma bayan rasuwar Ishi a 1916 ya rubuta littafin da ya fito a 1923 mai suna Hunting with the Bow and Arrow. Littafin ya ja hankalin matasa da yawa. A 1934 jihar Wiskonsin ta zama ta farko da ta keɓe wa masu kwari da baka lokacinsu na farautar barewa, sauran jihohi suka biyo baya. A 1969 kuma wani mutumin jihar Mizuri, Holless Wilbur Allen, ya samu takardar mallakar fasahar baka mai 'yan tayoyi a bakinsa biyu, wanda ke rage wa maharbi nauyin riƙe tsirkiya bayan ya ja. Masu farauta da baka suka ƙaru ƙwarai.

To ga inda bishiya ta shigo. Mai bindiga zai iya harbi daga nesa, amma mai baka sai barewa ta matso kamar mita 20 zuwa 30. Ita kuwa hancinta ya fi na mutum nesa, idanunta suna gefen kai, tana ganin kusan duk kewayenta, ƙaramin motsi ya ishe ta. Maharbin da ya hau sama yakan fita daga saitin idonta, sau da yawa iska takan ɗauke warinsa ta bi da shi ta saman kanta, yana hango abin da ciyawa ta ɓoye, kuma idan ya yi kure kibiyar ƙasa za ta caka. Da farko katako suke bugawa da ƙusa a tsakanin rassa. Ruwa da ƙanƙara su ci katakon, ƙusa ta yi tsatsa, shekara ta zagayo mutum ya taka, sai dai a ji ƙara.

DANDAMALIN DA KE HAWA DA MAI SHI

A 1969 wasu mutum biyu a garin Valdosta na jihar Jojiya, James Baker da Fred Walters, suka samu takardar mallakar wani dandamali da mutum zai goya a baya ya shiga daji da shi. Falle ne na katako, da wani ƙarfe mai kusurwa da ke zagaya bayan bishiya. Maharbi zai zura ƙafafunsa a madaurin da ke kan katakon, ya rungumi bishiya da hannu biyu, ya janyo ƙafafunsa sama tare da dandamalin, ya danna shi ya ciji ɓawo, ya miƙe, ya sake runguma. Haka zai yi ta yi, kamar tsutsa, har ya kai inda yake so.

Dandamalin Baker ya sauya farautar barewa baki ɗaya, domin a karon farko mutum ya samu damar zaɓar bishiya yau, gobe ya koma wata. Sai dai tsofaffin maharba har yanzu suna ba da labarinsa da dariya mai haɗe da tsoro. Nauyin mutum ne kaɗai ke sa ƙarfen ya riƙe. Idan ya matsa kusa da jikin bishiyar, ko ɓawon ya jiƙe, ko bishiyar mai santsi ce, sai dandamali ya saki, ya sulale ƙasa da mai shi, ƙirji da hannuwa su sha kankara. Wani kuma dandamalin ne zai zame daga ƙafarsa ya faɗi, ya bar shi rungume da bishiya a sama.

Kamfanoni da yawa suka shiga harkar, aka gyara fasalin. Aka samu mai ɓangare biyu, na zama da na ƙafa, aka samu wanda ake ratayawa da sarƙa ko madauri, aka samu mai tsani. Kujerun suka yi laushi, wasu har da abin jingina da na ɗora hannu. Amma duk abu ɗaya ne a ƙarshe: mutum yana zaune ko tsaye a kan ɗan fili, bayansa na jikin bishiya, gabansa babu komai sai iska, kuma babu abin da ya haɗa jikinsa da bishiyar sai in shi ya ga dama ya ɗaura.

LISSAFIN WAƊANDA SUKA FAƊO

Masu iya magana na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Yawancin maharba sukan zauna a tsayin mita 5 zuwa 8. Wanda ya faɗo daga mita 6, cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai zai iso ƙasa, da gudun da ya kusa kilomita 40 a awa. Ba shi da lokacin da zai yi tunani, balle ya kama reshe.

A 1989 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fitar da rahoto a kan jihar Jojiya. Daga 1979 zuwa 1989 an kai rahoton raunuka 594 a farautar barewa, 214 daga ciki suna da alaƙa da dandamalin bishiya, kuma 17 daga cikin waɗannan sun mutu. A 1993 mujallar Deer & Deer Hunting ta tambayi masu karanta ta, sakamakon ya nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin uku na masu hawa bishiya sun taɓa faɗowa. A 2010 kuma likitocin tiyata na Jami'ar Jihar Ohayo suka duba maharba 130 da aka kawo da munanan raunuka. Rabinsu faɗuwa ce ta kawo su, kuma kusan dukkan faɗuwar daga bishiya ce, yayin da harbin bindiga bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Raunin da aka fi tsoro shi ne karayar ƙashin baya, wadda kan bar magidanci a keken guragu har ƙarshen rayuwarsa.

Wani abu da masu nazarin haɗurran suka yi ta nanatawa shi ne, faɗuwa ta fi aukuwa lokacin hawa, da lokacin sauka, da lokacin da mutum ke ƙetarawa daga tsani zuwa dandamali. Ga duhun asuba, ga sanyi ya ƙandarar da yatsu, ga takalmi da laka. Na zaune kuma gyangyaɗi ne babban abokin gabarsa, domin farautar takan kama daga Oktoba zuwa Disamba, kuma a watan Nuwamba, lokacin barbarar barewa, akwai masu zama tun asuba har faɗuwar rana.

ƊAMARAR DA TA ZAMA TARKO

Maganin farko da aka kawo shi ne bel guda ɗaya da ake ɗaurawa a ciki, a haɗa shi da bishiya. Da gani ka ce an gama magana. Ashe idan mutum ya faɗi, bel ɗin yakan zame sama ya shaƙe shi a ƙarƙashin haƙarƙari, ko ya kifa shi kai ƙasa. A 1987 masu bincike na rundunar sojin saman Amurka suka rataye 'yan sa-kai ba tare da motsi ba, don a ga tsawon lokacin da za su iya jurewa. Masu bel ɗin ciki, a matsakaici, ba su kai minti 2 ba. Masu ɗamarar ƙirji sun yi kamar minti 6, masu ɗamarar jiki duka, wadda ke kama kafaɗu da cinyoyi, suka yi kamar minti 14. Daga farkon 1998 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta daina amincewa da bel ɗin ciki a matsayin abin tare faɗuwa a wuraren gini.

Masu ƙera dandamali su ma sun motsa. A 1995 suka kafa ƙungiyarsu mai suna TMA don tsara ƙa'idojin gwaji, kuma daga 2004 kamfanonin da ke cikinta suka fara saka ɗamarar jiki duka a cikin kwalin kowane dandamali. Wannan ya ceci rayuka da dama, babu mai musu. Amma matsala biyu suka rage.

Ta farko, wanda ɗamara ta tare bai gama tsira ba. Igiyar tana tsakanin kafaɗunsa ta baya, yana reto, bishiya na bayansa, madaurin cinya na matse jijiyoyi. Idan ya daɗe a haka ba ya motsa ƙafa, jini yakan taru a ƙafafu, ya rage komawa zuciya, mutum ya suma, daga nan kuma sai abin da hali ya yi. Shi ya sa aka ƙaro wani ɗan madauri da zai taka ya miƙe kafin a kawo masa ɗauki. Ta biyu kuwa, wadda ta fi girma, ita ce halin ɗan Adam. Ɗamarar da ke zuwa kyauta a kwali takan cukurkuɗe, sa ta a duhu aiki ne, a kan rigunan sanyi tana takura, wani ya ce tana hana shi jan baka. Da yake dandamali na zaunuwa ko da ita ko babu ita, sai mutane da yawa suka riƙa barinta. Wasu kuma su sa ta, amma ba za su ɗaura igiya ba sai sun isa sama sun zauna, alhali a hanya haɗarin ya fi yawa.

INDA SIRDI YA FITO

Shi sirdin bishiya ba sabon abu ba ne. Kamfanin Trophyline yana danganta asalin nasa ga wani maharbi mai suna James Green, tun a shekarun 1960. Akwai kuma wani da aka sani da Anderson Tree Sling, wanda bai wuce faffaɗan madauri irin na bel ɗin mota da aka ɗinka ya zama mazauni ba. A 1981 wani maharbin jihar Mishigan, John Eberhart, ya fara amfani da wannan na Anderson, kuma bai sake komawa dandamali ba. Mishigan jiha ce mai yawan maharba, barewarta ta sha kora har ta koyi ɗaga kai tana duba bishiyoyi. Eberhart ya ga cewa wanda ke rataye yana fuskantar bishiya zai iya laɓewa a bayan kututturenta, ya kuma hau bishiyar da ta karkace ko mai rassa, wadda dandamali ba zai zauna a kanta ba. A 2003 shi da ɗansa Chris suka fitar da littafin Bowhunting Pressured Whitetails, inda suka yi bayanin dabarunsu.

Duk da haka sirdi ya shekara kusan arba'in yana hannun 'yan tsiraru. Mutane na ganinsa su ce wannan ai wahala ce. Har akwai lokacin da na Trophyline ya ɓace daga kasuwa, masu so suka koma neman na hannu, wasu suna ɗinka nasu a gida.

Abin da ya tashe shi daga baya aro ne daga wasu sana'o'i. Daga masu hawan duwatsu aka samo ƙullin Prusik, wanda wani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Prusik, ya bayyana a 1931: siririyar igiya ce da ake naɗawa a jikin babba, idan ka tura ta da hannu ta zame, idan nauyi ya hau kanta ta ciza. Daga wurinsu aka samo igiya mai ciki da riga, wadda kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da ita a 1953, da kuma ƙugiyar ƙarfe mai makulli. Daga masu gyaran bishiyoyi, waɗanda ke yini a rataye suna yanke rassa, aka koyi yadda ake ɗinka mazaunin da ba ya cin jiki. Kamfanin New Tribe na jihar Oregon, wanda dama sana'arsa ke nan, ya fito da sirdin farauta mai suna Aero Hunter. A 2018 kuma Greg Godfrey da Ernie Power suka kafa Tethrd, bidiyoyin YouTube suka yaɗa abin, kafin ka ce kwabo kamfanoni sun cika kasuwa, Trophyline ma ya dawo.

Akwai dalilin da ya sa matasa suka rungume shi. Da yawansu ba su da gonar kansu, a dajin gwamnati suke farauta, inda sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka rabu da jama'a, kuma a jihohi da dama an hana huda bishiya da ƙusa ko noti a irin wannan daji. Dandamali mai hawa yakan kai kilo 9 ko fiye, yana ƙara idan ya bugi reshe. Sirdi shi kansa bai cika wuce kilo ɗaya ba, a jiki ake sa shi tun daga mota.

YADDA AKE ZAMA A CIKINSA

Bari in kwatanta wa mai karatu yadda abin yake. Sirdin mazauni ne na ƙyalle mai ƙarfi ko raga, yana tallafe ɗuwawu da ƙugu, da bel da madaurin cinya. Daga ƙugun dama zuwa na hagu akwai wata gajeriyar igiya da ta bi ta gaba, suna kiranta gada, ta ƙetare ruwa fa, ba ta daji ba. Wajen hawa, maharbi zai zagaya wata igiya ta bayan bishiya ya maƙala bakinta biyu a ƙugunsa, kamar yadda ma'aikacin lantarki ke yi a jikin falwaya, ko masu hawan kwakwar manja a kudancin Nijeriya. Yana hawa yana ɗaura 'yan gajerun matakai a jikin bishiyar, hannuwansa biyu a sake. Idan ya kai, sai ya kafa ɗan abin taka ƙafa, wanda bai fi faranti girma ba, ya ɗaure babbar igiya a saitin goshinsa, wadda za mu iya kira igiyar talala, ya maƙala ta a gada, ya gwada ta da nauyinsa, sannan ya kwance ta hawa. Baka ko bindiga kuwa a ƙasa ake bari, sai an zauna a janyo da siririyar igiya, bindigar babu harsashi a ciki.

A nan hikimar take. A dandamali, wurin zama daban, igiyar tsira daban, kana iya ɗaukar ɗaya ka bar ɗaya. A sirdi kuwa igiyar ita ce kujerar. Wanda bai ɗaura ba babu inda zai zauna. Kuma da yake igiyar kullum a miƙe take da nauyinsa, idan ƙafarsa ta zame babu wata tazarar da zai faɗa, sai dai ya yi lilo ya bugi bishiya, fuskarsa na kallonta, matakai na kusa da ƙafarsa. Mai gyangyaɗi ma goshinsa zai jingina da igiya.

Maganar daɗi fa? Gaskiya ranar farko ba ta cika yi wa kowa daɗi ba. Kukan da aka fi yi shi ne matsewar ƙugu, kuma dalilinta a fili yake: idan gada ta yi gajarta, bakinta biyu sukan ja gefen sirdin ciki su matse ƙashin ƙugu, idan aka ƙara mata tsawo sai matsin ya ragu. Tsayin inda aka ɗaure talala shi ma yana sauya inda nauyi ke sauka a jiki. Maharban sun kasu biyu, akwai masu jingina, ƙafa a miƙe jiki ya karkata baya, su tafin ƙafa ke damu. Akwai masu zama, gwiwa a jikin bishiya, su kuma sai da matashin gwiwa. Mai wayo yakan riƙa sauyawa tsakanin biyun. An ƙaro madaurin tallafar baya, an kuma dawo da sirdi mai falle biyu da ake buɗawa ko a tsuke, irin fasalin tsohon Anderson, har Tethrd ya yi wani da sunan Eberhart. Wannan gyare-gyare ba shagwaɓa ba ce. Wanda ƙugunsa ke zogi shi ne mai yawan mutsu-mutsu, shi ne zai sassauta bel, ya kwance madaurin cinya, ya miƙe tsaye ya bar igiya ta yi sako-sako, ya kuma sauko a gajiye cikin gaggawa.

INDA GIZO KE SAƘA

Kada mai karatu ya ɗauka an kashe maganar faɗuwa. Alƙaluman da na kawo a sama duk an tattara su ne a zamanin dandamali, kafin sirdi ya yaɗu, don haka suna nuna ciwon ne, ba su auna wannan magani ba. Abin da sirdi ya yi shi ne ya ɗauke haɗarin daga katako da ƙarfe ya mayar da shi kan igiya da ilmin mai riƙe da ita.

Babban abokin gabar mai sirdi shi ne sako-sakon igiya. Igiyoyin da ake amfani da su ba sa miƙewa sosai, musamman masu zaren Dyneema, wanda ke da ƙarfin gaske amma kusan ba ya ba da kai, ga shi zafin da bai kai digiri 150 ba yana narkar da shi. Idan mutum ya hau sama da inda ya ɗaure, ko ya bar igiya ta yi lanƙwasa, sannan ya faɗi ko da mita ɗaya ne, duk girgizar a ƙugunsa da bayansa za ta sauka. Sirdi ba ya kama kafaɗa, saboda haka wanda ya kifa kai ƙasa da bel a sake yana iya zamewa daga ciki. Ƙugiyar hawa mai inganci an gwada ta ta ɗauki nauyin da ya kai kusan tan 2 a tsayenta, amma idan ta juya nauyi ya hau ta a kwance, ko bakinta a buɗe, ƙarfinta yakan koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya manta bai yi ƙulli a ƙarshen igiya ba, Prusik ɗinsa na iya zamewa ya fita ta can. Rana da gogayya suna cin zare a hankali ba tare da sanarwa ba. Igiyar hawa ita ma ba ta hana sulalewa gaba ɗaya, kuma duk inda aka tarar da reshe, wanda ya kwance ta kafin ya ɗaura ta biyu ya koma halin mutanen 1970. Mataccen itace kuwa, ko da igiyar zinariya aka ɗaure, tare za a faɗo.

Shi ya sa ƙwararrunsu ke ba sabon shiga shawara ɗaya: ba a fafe gora ranar tafiya. Ya fara a bayan gida, ƙafa ɗaya daga ƙasa, da rana tsaka, ya koyi ɗauri da kwancewa har hannunsa ya haddace, ya gwada harbi ta kowane ɓangare, musamman ɓangaren dama ga mai harbi da hannun dama, wanda shi ne mai wuya. Ya duba kayansa kafin kowace fita, ya kasance a ɗaure tun daga barin ƙasa har dawowa, ya kuma gaya wa na gida bishiyar da za a same shi da lokacin da zai dawo.

Idan muka waiwaya, daga katakon da aka buga da ƙusa, zuwa dandamalin Baker na 1969, zuwa ɗamarar 2004, zuwa sirdin da ya yaɗu bayan 2018, za mu ga an daɗe ana yi wa maharbi wa'azin ya ɗaura igiya, yana ji yana mantawa. Masu sirdi ba su fi na baya iya wa'azi ba. Sun dai ɗinka abin da mutum ba zai iya zama ba sai ya ɗaura, sannan suka yi ta gyara shi har ya zama ana son zaman. Sauran aikin, wato duba ƙulli a duhun asuba da yatsu masu sanyi, yana nan a wuyan mai hawa kamar yadda yake tun farko.

A nan zan dasa aya. Sai mun sake haɗuwa a wani tarihin.